Ƙaiƙayin Tafi

Cikina na wata takwas da kwana shida
tafin hannuna ya soma ƙaiƙayi.
Inna Tasalla ta yi dariya, ta ce,
"Kuɗi ne tafe, 'yar nan, buɗe lalita."
Na buɗe. Ko sisi bai faɗo ba.

Da rana yakan yi mani kawaici,
in zauna da allura a inuwar zaure
ina cike hular da aka ba ni tun Rajab.
Amma da an sallame isha'i
sai ya sauka tafin ƙafa,
kamar kiyashi sun tare a ƙarƙashin fata.
Na sosa da totuwa, na sosa da dutsen goge kaushi,
na tsoma ƙafa a ruwan randa har kiran assalatu.
Babu ƙurji, babu borin jini,
babu abin da zan nuna in ce ga shi.
Ciwon da ba ya da shaida,
mai shi ake kira da raki.

Fitsari ya koma shayin da ba madara.
Sada ya haska idona da tocila, ya yi shiru.
Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwar rawaya,
na sha kwana uku, dare bai rage tsawo ba.

Ranar awo a asibitin Daura
Malama Yahanasu ba ta fara da cikin ba.
Hannuna ta kama, ta juya,
ta karanta rubutun da farce ya yi.
"Da dare ya fi?" Na ce e.
Ta ajiye biro, ta sake ɗauka,
ta rubuta mana takardar Katsina.

Shargalle, Mashi,
kowane rami a hanya sai na dafe mara.

Likita ya zana hanta a bayan katina.
Ya ce ruwan matsarmama ne ya ɓata hanya,
maimakon hanji ya kwararo cikin jini.
"A mata ɗari, da ƙyar a samu ɗaya.
Ke ƙaiƙayi yake ba ki.
Na ciki kuwa ba ya da bakin faɗa."

Ƙwaya safe da dare.
Ɗibar jini duk Litinin, har jijiya ta koyi ɓuya.
Ya ce in riƙa ƙirga motsi.
Na tara ƙwallon dabino a gefen tabarma,
duk shuri ɗaya in jefa ɗaya a tasa.
Ban taɓa son a shure ni ba
sai a wannan wata.

Wata Alhamis, la'asar ta yi,
huɗu kacal a tasa.
Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu.
Huɗu.
Sada bai tsaya neman takalminsa ba.

Da suka ɗora na'ura a cikina
ɗakin ya cika da lugude,
mata biyu a turmi ɗaya.
Likita ya ce, "Tana nan. Amma ba za mu jira tara ba."
Inna ta ce ba a tsinkar ɗanyen mangwaro.
Ya ce, "Hajiya, in reshen na ci da wuta fa?"
Ta gyara mayafi, ta fita ta yi alwala.

Aka ɗaura ruwan naƙuda.
Abin da ya biyo baya, ni da Allah muka sani.

Ta zo kafin hantsi, 'yar mitsitsiya,
da kukan da ya fi ƙarfin ƙirjinta.
Kafin suna ƙaiƙayin ya kwashe kayansa,
ko sallama bai yi ba.
Inna ta aza mani ita a tafin hannu,
ta ce, "Ai na gaya maki wani abu na tafe."
Ban yi musu ba.

An ce yana iya dawowa a ciki na gaba.
Ƙwallayen suna cikin gwangwanin madara, saman kwaba.
Mai hula ya aiko sau biyu.
Ya ƙara haƙuri, hannuna ba kowa a kai
sai Bishira.